Farantin da Ya Ƙi Fashewa

A gidanmu na Łódź akwai farantai biyar na gilashi masu launin ruwan shayi. A da shida ne. Abin da ya rage daga na shidan yana cikin wani kwalin ashana a aljihun keken ɗinkin kakata, ɗan guntu ne da bai kai ƙwayar masara ba. Ni nake ajiye da shi yanzu, tare da hotunanta da littattafan aikinta guda goma sha ɗaya. Abin da zan faɗa daga bakinta na ji shi, wani kuma daga bakin mijinta, kakana Mietek, wanda bai taɓa barinta ta kai ƙarshen labari ba tare da ya gyara mata wani wuri ba.

Sunanta Genowefa Szpak, amma Genia kowa yake ce mata. Aikinta a kamfanin fim shi ne kula da kayan da ake gani a cikin hoto. In jarumi zai ɗaga kofi, ita ta nemo kofin. In akwai agogo a bango, ita ta san ƙarfe nawa ya nuna jiya da aka tashi, don kada gobe a ci gaba ya nuna wani abu dabam. Komai tana rubutawa da fensir: tsawon sigarin da ya rage, yawan miyar da ke cikin kwano, hannun da ke riƙe da cokali. Shekara goma sha tara tana wannan aiki ba a taɓa kama ta da kuskure ba. Daraktoci har rigima suke yi a kanta.

Leon Gawron kuwa a gidanta ya zama mutum. Ya zo daga ƙauye karatun fim da kwat ɗaya da akwatin kwali, ta ba shi ɗan ɗakin da ke bayan kicin. Shekara huɗu yana shan miyar kabejinta, tana ɗinke masa gwiwar hannun kwat ɗin nan, yana ce mata Gwaggo. Bayan ya gama ya yi shekara tara yana yi wa wasu daraktoci hidima. Ranar da aka ba shi nasa fim na farko, a guje ya hau bene huɗu.

"Gwaggo, sun ba ni!"

"Sun ba ka me? Mata?"

"Fim, Gwaggo! Kuma ba zan yi shi da kowa ba sai ke."

"To zauna ka ci abinci, darakta. Ka dubi wuyanka kamar na zakaran da aka fige."

Kowa ya san ba a fara fim sai an fasa faranti. Ranar farko, da an gama ɗauka ta farko, ma'aikata duk su rubuta sunayensu a kai, darakta ya buga shi a ƙafar kyamara, kowa ya ɗauki guntu ya ajiye har ranar gamawa. Bugu ɗaya ake yi. Nemo farantin kuma aikin mai kula da kaya ne.

Shekarar ce da shaguna suka zama fayau, ba abin da ke kan kanta sai kwalaben ruwan tsami. Duk da haka Genia ba ta rasa faranti ba, don ɗakin ajiyarta cike yake da tsofaffin tangaran masu tsaga. Amma ta ce wannan na Leon ne, ba za ta kai masa mai tsaga ba. Ta buɗe kabad ɗin falo ta ɗauko ɗaya daga cikin farantai shida da yayanta Edek, mai haƙar kwal a arewacin Faransa, ya aiko mata a naɗe cikin rigar sanyi. Shekara takwas suna jere a bayan gilashin kabad don baƙi su gani. Ba a taɓa cin komai a kansu ba, ko a jajibirin Kirsimeti. Mietek ya ce ko firist da ke zuwa sa wa gida albarka bayan sabuwar shekara bai samu wannan daraja ba. Abin da ba a taɓa ci a kai ba, ba a taɓa wanke shi ba, bai taɓa suɓucewa daga hannun kowa ba. Shi ya sa ba ta san halinsa ba.

A tsakar wani tsohon gidan haya da ke unguwar Bałuty aka fara, da safiyar wata Litinin cikin watan Mayu. Mutum arba'in da ɗaya suka rubuta sunayensu da jan fenti. Mai ɗaukar hoto, Feliks Drozd, wanda ake ce wa Pan Felek (a wurinmu Pan kamar Malam ne, Pani kuma kamar Malama), ƙaton mutum ne da ya girmi kowa a wurin, yana yawo da katin jam'iyyar da ke mulki a aljihu ɗaya, hoton waliyyi a ɗayan. Ya ƙwanƙwasa farantin da farce.

"Kai, Pani Genia! Kayan Faransa? Mu da muka saba da na asibiti?"

Aka yi dariya. Leon ya ɗaga farantin da hannu biyu ya maka shi a ƙafar kyamara.

Ya yi ƙara kamar ƙararrawar coci, ya yi tsalle daga hannunsa, ya gangara a kan duwatsun tsakar gidan, ya yi ta juyi, ya yi ta juyi, sannan ya kwanta. Ko tsaga babu. Wani ya fara dariya, ya ga shi kaɗai ne, ya haɗiye. Leon ya yi abin da ba a yi: ya ɗauko ya sake bugawa, da ƙarfin da katakon ƙafar kyamarar ya lotsa. Farantin ya sake tsalle. Zai ɗaga na uku Pan Felek ya riƙe masa wuyan hannu.

"Bari, Pan darakta. Ka riga ka yi sau biyu." Ya juya ga Genia. "Me kika kawo mana?"

"Faranti."

"Wannan murfin tankar yaƙi ne."

Wannan karon ba wanda ya yi dariya. Ta sunkuya ta ɗauki abinta ta naɗe a gaban rigar aikinta.

Da ta ba Mietek labari wajen cin abincin yamma, sai da ya ajiye cokali don dariya. Shi direban taragon cikin gari ne, ya san irin wannan gilashi, shi ne a tagoginsu. Ya ce in ka buge shi a ciki sai dai hannunka ya gaji, amma akwai ƴar guduma mai tsini da ake ratayewa a tarago saboda haɗari, da ita in ka taɓa shi a baki sau ɗaya ya gama. Yana ma da wata tsohuwa a akwatin kayan aikinsa.

"Kawo in nuna miki."

"Kada ka taɓa shi. Sunayen mutane ne a kai. Gobe ma an manta."

Ba a manta ba. Aka yi kwana tara ana ruwa. Muryar babbar jarumar ta dushe. Faifai biyu suka lalace wajen wanki, sai da aka sake ɗaukar aikin mako guda. Wata fitila ta faɗo daga sama, saura kaɗan ta sauka a kan mai kwalliya. Duk wanda ya yi aikin fim ya san babu fim ɗin da ba a yin irin wannan a cikinsa, amma a nan, duk abin da ya faru sai idanu su nemo Genia. Ta saba zuwa da babban filas tana zuba wa mutane shayi. Sai ya zama kowa ya sha a gida. Masu jan wayar lantarki in ta wuce sai su yi tofi sau uku ta kafaɗar hagu, su ƙwanƙwasa katako. A mako na uku ta ji sabon sunanta: Genia Faranti.

Ranar da fitilar ta faɗo Pan Felek ya rufe kyamararsa da baƙin ƙyalle ya zauna a kan akwati. Ya ce ba zai ƙara ɗaukar ko ƙuda ba in matar nan tana wurin. Leon bai da wani mai ɗaukar hoto, kuma waɗanda suka ba shi fim ɗin jira suke ya gaza. Lokacin hutun rana ya kira ta bayan motar kaya. Bai iya kallonta ba.

"Na ɗan lokaci ne. Har hankalinsu ya kwanta."

"Leon, kai ma ka yarda faranti ne ya kawo ruwan sama?"

"Ba maganar abin da na yarda ba ce."

"To maganar me ce? Na ɓatar da wani abu? Agogo ya taɓa yin kuskure?"

Ya gyara murya ya dubi takalminsa. "Pani Szpak, daga gobe za ki koma ɗakin ajiya. An riga an sa hannu."

Ta ce a duk abin da ya faru a wannan shekara, wannan "Pani Szpak" ɗin ne ya fi yi mata ciwo. Ta miƙa masa littafin aikinta don wanda zai gaje ta, ta ɗauki filas ɗinta ta tafi.

Ɗakin ajiyar yana ƙarƙashin ƙasa, taga ɗaya gare shi, ta ita ake ganin ƙafafun masu wucewa. An gama fim ɗin a Nuwamba. A Disamba sojoji suka fito kan titi, mahukunta kuma suka kalli fim ɗin Leon, wanda yake kan matan masaƙa ne, suka ce a kulle shi. Pan Felek ya ce a wurin cin abincin ma'aikata, ai ga shi nan, har tankokin ma daga farantin suka fito. Da wasa ya faɗa, amma irin wasan da ke zama a kunne. Daraktocin da suke rigima a kanta suka daina saukowa. Ɗaya ya tare ta a matakala ya ce, "Ni ban yarda da camfi ba, Pani Genia, Allah ya sani. Amma ma'aikatana..." Shekara bakwai tana goge ƙura a kan fitilun da wasu za su kai wurin ɗauka. Littafinta na tara na waɗannan shekarun ne. Na duba shi shafi-shafi, babu komai a ciki sai kwanan wata.

Leon ma bai ji daɗi ba. Ya koma yi wa talabijin gajerun shirye-shirye kan kiwon zuma da noman gwoza. Sau ɗaya suka haɗu da Genia a tashar tarago, ya tsallaka titi kamar an kira shi. Farantin kuwa yana saman kabad ɗin kaya, a naɗe cikin tawul.

A shekara ta bakwai abubuwa suka fara sassauci. Aka buɗe fina-finan da aka kulle, aka zaɓi na Leon ya shiga gasar babban bikin fina-finai da ake yi a bakin teku cikin Satumba. Wata Lahadi bayan an taso daga coci aka ƙwanƙwasa ƙofa. Leon ne, da sanƙo ya fara, riƙe da furanni uku. Ya miƙo hannu.

"Ba a gaisawa a kan dokin ƙofa," in ji Genia. "Ko ka shigo ko ka koma."

"Ji mai faɗa da camfi," in ji Mietek daga kicin.

"Kai kuma ka yi shiru."

Leon ya zauna a kujerar da ya saba zama da. Ta ba shi shayi, ba ta ba shi miya ba. Ya yi ta zagaye-zagaye kafin ya faɗi abin da ya kawo shi. Ma'aikatan sun haɗu, su Pan Felek, sun ce ba za a nuna fim ɗin ba sai an fasa farantin. Pan Felek har ya samo gudumar maƙera. Kuma an yi wa Leon alkawarin fim na biyu in wannan ya yi abin kirki a gasar. In bai yi ba, zai koma wa ƙudan zuma har ya tsufa.

"In na ba ku kuka fasa, fim ya ci, me za a ce?" ta tambaye shi.

"Za a ce ya ci."

"Za a ce an karya mugun abin da Genia ta kawo. Ka ga ke nan da gaske ni na kawo shi. Har in mutu."

"Ba wanda zai..."

"Zan kawo shi da kaina. Zai zauna a jakata lafiyarsa ƙalau, a cikin zauren, har alƙalai su faɗi abin da za su faɗa. Bayan nan a fasa, ko an ci ko ba a ci ba."

Mietek ya leƙo. "In ba a ci ba fa, Genia? Faranti yana jakarki, kowa ya sani?"

"To shi ke nan. Sai ku binne ni a ɗakin ajiya, ai dama a ƙarƙashin ƙasa yake."

Leon ya haɗa hannuwa. "Gwaggo, rayuwata ce fa."

"Au, yau na koma Gwaggo?" Ta ɗauke kofin daga gabansa. "Shekarata hamsin da huɗu. Ko in koma wurin ɗauka yanzu da sunana a wanke, ko ba zan koma ba har abada. Taka rayuwar ce kaɗai rayuwa?"

Suka hau jirgin ƙasa ita da Mietek da dafaffen ƙwai da burodi a takarda, suka sauka a ɗakin wata gwauruwa nesa da teku. Ranar da za a nuna fim ɗin, ƙarfe uku na rana, Pan Felek yana tsaye a ƙofar zauren. Ya tsufa, yana dogara sanda, amma muryar tana nan.

"Yana ciki?" Ya nuna jakarta da sandar.

"Ina wuni, Pan Felek. Yana ciki."

"Ke mace, ba ki da imani? Shekara bakwai ba su ishe ki ba? Yaron nan ya ci a hannunki!"

"Shi ya sa na san ba faranti ne ya yi masa fim ba."

Ya kama igiyar jakar. Ta riƙe. Mutane suka fara tsayawa. Mietek, wanda kansa bai wuce kafaɗar Pan Felek ba, ya shiga tsakani.

"Saki, babban mutum. Ga ƴan jarida can da kyamarorinsu. Gobe a gan ka a shafin farko kana fizgen jakar tsohuwa."

"Wa ka ce wa tsohuwa?" in ji Genia.

Pan Felek ya saki, ya yi alamar gicciye, ya shige.

Ranar ce ta fara ganin fim ɗin. Minti ashirin da farawa faifan ya tsinke a cikin majigi, allo ya yi fari fat, aka kunna fitilu. Ma'aikatan Leon suna zaune a layi biyu a gabanta, kuma kusan dukkansu suka waiwayo. Ta ce ta ji farantin a kan cinyarta kamar an ɗora mata dutsen guga mai zafi. Ba ta sunkuyar da kai ba, ta zuba wa farin allon ido har aka haɗa faifan, minti huɗu da Mietek ya ce sun fi masa zaman jiran haihuwar babana tsawo. Da aka gama an daɗe ana tafi. Amma tafi ba kyauta ba ne, kuma saura kwana uku a faɗi sakamako.

A kwanakin nan uku ba ta ci abin kirki ba. Duk inda suka bi a garin sai sun haɗu da wani daga cikin ma'aikatan, ya dubi jakar kafin ya dube ta. Da safiyar ranar ƙarshe Leon ya same su a bakin teku, idanunsa sun faɗa. Bai roƙe ta ba. Ya dai ce ya ji alƙalan sun rabu biyu, sannan ya tsaya yana kallon ruwa, yana kunna sigari, kamar yadda yake yi a da in zai shiga jarrabawa. Da suka koma ɗaki ta kwance tawul ɗin, ta ɗora farantin a kan tebur, ta ce wa Mietek ya ba ta ƴar gudumar taragon nan da ya taho da ita. Ya ba ta. Ta sa tsinin a bakin farantin.

"In kin fasa ba wanda zai ga laifinki," in ji shi.

"In ya faɗi saboda ni fa, Mietek?"

"Ke ma kin fara yarda ke nan?"

Ta janye tsinin daga bakin farantin. Sannan ta jefa gudumar cikin jaka ta mayar da tawul.

Ƙarfe biyar na yamma aka fara ba da kyaututtuka. Ana farawa ne daga ƙanana. Ta kiɗa ta tafi wani fim. Ta babbar jaruma, wadda jaridu suka ce tasu ce, ta tafi wani fim. Aka zo ta ɗaukar hoto, Pan Felek har ya gyara ɗamarar wuyansa, aka kira wani. Ya juyo gaba ɗaya a kujerarsa.

"Kin gani? Kin ji daɗi?"

Saura biyu. Akwai ta daraktan da ya yi fim ɗinsa na farko, ita ce kowa ya sa wa rai, ita ce za ta buɗe wa Leon ƙofar fim na biyu. Aka kira wani saurayi mai dogon gashi wanda yana makarantar sakandare lokacin da aka kulle fim ɗin Leon. Leon ya sa kansa cikin tafin hannuwansa. Mai kwalliyar da fitila ta kusa faɗa wa, wadda ke zaune kusa da Genia, ta tashi ta koma wata kujera.

"Taso mu sulale," Mietek ya raɗa mata. "Akwai jirgin ƙarfe bakwai."

"Sai na ji ta ƙarshe."

Babbar kyauta ce ta rage, kuma ba a saba ba da ita ga fim ɗin farko ba. Shugabar alƙalan, wata dattijuwa, ta hau dandamali da ambulan. Ta yage shi, ta ga ba ta da tabarau, ta shiga laluben jakarta. Mutane suka yi ƴar dariya. Genia ta ce ita ba ta ji dariyar ba, yatsunta sun ƙage a bakin farantin ta cikin jaka. Dattijuwar ta sa tabarau, ta matso da takardar, ta ce alƙalai sun yi gardama har ƙarfe biyun ranar nan, sannan ta kira sunan Leon Gawron.

Layi biyun nan suka tashi da ihu. Genia ba ta tashi ba. Leon ya hau yana tuntuɓe, ya gode wa mahaifiyarsa, ya gode wa Pan Felek da matan masaƙa. Aka zaci ya gama. Sai ya ce, "Da Pani Genowefa Szpak, wadda ta ciyar da ni shekara huɗu, na kuma sāka mata da abin da ni da ita da mutum arba'in muka sani."

A kan matakalar waje suka kewaye ta, rana ba ta ƙarasa faɗuwa ba. Masu tofi ta kafaɗa suna sumbatar hannunta. Ta kwance tawul ɗin. Jan fentin ya dushe amma sunayen suna karantuwa. Ta ɗora farantin a kan dutsen matakala ta fito da ƴar gudumar.

"Tsaya!" Pan Felek ya tare da sandarsa. "Kin haukace? Kada a fasa! Wannan ai farantin sa'a ne. Babbar kyauta a fim na farko, wa ya taɓa gani? A ajiye shi, a riƙa kai shi kowane fim. Ke ma, Pani Genia, kusa da kyamarata za ki riƙa zama."

"Haka ne! A bar shi!" in ji wasu.

Ta dube su ɗaya bayan ɗaya. "Shekara bakwai ni ce annoba. Yau kuma na zama laya?"

Ta taɓa bakin farantin da tsinin gudumar, sau ɗaya, ba ma da ƙarfi ba. Ya yi wata ƙara kamar an harba ƙaramar bindiga, ya tarwatse ya zama ɗaruruwan ƙwayoyi kamar gishirin dutse, suna gangarawa ƙasan matakala. Babu sunan da ya rage.

"Kowa ya ɗauka. Ya ishi har ƴan kallo." Ta juya ga Leon, wanda ke rungume da kyautarsa. "A wajen minti na hamsin agogon kicin ya nuna ƙarfe uku. Da matar ta juya ya nuna biyar saura kwata. Kofin kuma ya tashi daga hannun dama ya koma hagu. Wa ka ɗauka a madadina, makaho?"

"Gwaggo..."

"In mai kula da kaya kake so, na iya. In laya kake so, ka nema a wani wuri."

A watan Maris ta koma wurin ɗauka. Ta yi shekara takwas tana aiki, fina-finai huɗu tare da Leon, biyu daga cikinsu sun je bukukuwa a ƙasashen waje, ita dai ba ta bi su ba, ta ce ta ga biki ɗaya ya ishe ta. Pan Felek bai taɓa ba ta haƙuri ba. Amma ranar farko ta fim na biyu, da ta buɗe filas, shi ya fara miƙo kofinsa a gaban kowa, ya sha, ya ce sukari ya yi kaɗan.

Ita ta ci gaba da kawo farantin ranar farko. Mafi tsufa a ɗakin ajiya take zaɓa, kuma ana gobe za a fara sai ta juya bayansa ta ja masa layi biyu masu zurfi da magagarin Mietek. Ba wanda ya sani sai shi, sai ni da ta faɗa wa tana kwance a asibiti. Duk sun fashe a bugun farko.

Sauran biyar ɗin kuwa, ranar da suka dawo daga bakin teku ta fito da su daga kabad ta zuba dankali a kai. Har yau a kansu muke ci. Ɗaya ya suɓuce mini sau biyu a wurin wanke-wanke, ya yi tsalle, ya yi juyinsa, ya kwanta.